Ƙarfen da Na Yi wa Shaida

Bayan shekarar yunwa na samu aikin direba a wata ma'aikatar gina rijiyoyi a Tanut. Aka damƙa mini farar a-kori-kura da aka shigo da ita daga Amirka, ina kai siminti da ƙarafa Belbeji da mashayar makiyaya. Makullin gangar fetur ma a aljihuna yake. Ni kuwa mutum ne da ko ƙofa na kulle sai na dawo na sake jan kwaɗon.

Da rani ya tsaya, wata ƴar fitila ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Motar ta shiga tofar da baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar an huda tankin. Shugabanmu, wani Bature marar yawan magana, bai ce na saci mai ba. Ya dai karɓi makullin gangar ya sa a aljihunsa. A ƙasarmu ta Damargu, direban da aka ce yana sayar da mai a kwalba ba ya sake riƙe motar kowa.

Na zargi maigadi. Na barbaɗa toka ƙarƙashin tankin don in ga sawun ɓarawo, da safe na tarar da na akuya. Har kaina na zarga, ko nakan bar inji a kunne in tafi sallah.

Daga baya Baturen ya sa aka aiko masa da wani ɗan ƙarfe mai kama da buji, wato fulogi, da waya a wutsiyarsa. Ya ce irinsa yana ɗaure a bututun hayaƙi, shi ke shinshina hayaƙin ya gaya wa inji yawan man da zai sha, kuma fetur ɗinmu yana toshe masa hanci. Ya ce in kai a canza. In shan man bai ragu ba, to ba laifin ƙarfen ba ne. Na gane inda maganar ta dosa.

Bakanike ɗaya ne a garin da zan iya kai wa, taubashina, ɗan kawuna. Kafin in tafi na shiga ƙarƙashin motar da ƙusa, na yi wa tsohon ƙarfen karce biyu. Ban ji daɗin yin haka ba, amma na yi.

Ya tare ni da tsiya yadda ya saba, wai bawansa ya kawo gaisuwa. Ya ɗumama injin don zaren ƙarfen ya saki, ya tsaga bakin wata sifana da zarto don wayar ta wuce. Ina tsugune a kansa har ya gaji, ya kore ni in je in ci abinci. Da na dawo ya ce an gama.

Ban kai kasuwar dabbobi ba fitilar ta sake kamawa. Na tsaya, na kwanta cikin rairayi na leƙa. Ƙarfen yana ƙyalli, an wanke shi fes, ga karcena biyu a jikinsa.

Na juya na koma garejin. Na ce, "Ina sabon? Ni za ka yi wa haka?"

Ya dube ni, ya kwashe da dariya. Ya tura kujerar motar gaba, ya zaro tsumma daga bayanta, ga sabon a ƙunshe. "Bawana, tsohon bai karye ba. Wa ke sa sabo alhali tsoho yana da sauran rai? Na ajiye maka don ranar da za ka maƙale a daji."

Haka ake yi a garejojinmu, na sani. A wanke tsoho da fetur, a goge, a mayar, sabo kuwa a ɓoye shi kamar hatsin iri. Duk da haka na ce sai ya sa shi a gabana. Ya sa yana mita, bututun ya ƙona shi a gwiwar hannu, ya ce alhakinsa yana wuyana.

Baturen da kansa ya cika tanki, ya zauna kusa da ni muka je Belbeji muka dawo, idonsa yana kan allurar mai. Fitilar ba ta kama ba. Da muka sauka ya miƙo mini makullin gangar, ya tambaye ni ko akwai siminti na gobe.

Taubashina ya rasu tuntuni. Har yau nakan zauna ina juya abin, me ya sa bai gaya mini ba tun da ya ce an gama. Wani lokaci in ce mantuwa ce. Wani lokaci in tuna sai da na tafi cin abinci ya yi aikin.