Mujallar Wasa a Hannun Mai Tsire

A bakin tashar Babura wani mai tsire yana tsaye bayan tukubarsa, dogo ne, hularsa ta dafe da hayaƙi. A gefensa akwai wata mujallar Turanci, wadda nake zaton a sansanin injiniyoyin hanya ya tsinto ta.

Mujallar wasan tebur ce, irin wanda kowane ɗan wasa yake zama jarumi ko matafiyi a ƙasar almara. An tsara ƙa'idojin daki-daki, an zana taswira da duwatsunta da rafukanta. Duk tsawon koyarwata ba a taɓa aiko wa ajina taswira mai kyawunta ba. Shi kuwa, abin takaici, yaga kawai yake yi, ko kallon shafin ba ya yi.

Na ce, “Malam, don Allah ka bar mini wannan shafin.”

Ya ce, “Haba ranka ya daɗe, ai shi ne mai kyan! Ita jarida shanye mai take yi. Wannan kuwa har Kano zai kai nama bai jiƙe ba.”

Sai ya ɗora tsire a tsakiyar taswirar, ya barbaɗa yaji, ya naɗe, ya miƙa wa wani direba.