Adireshin da Ya Rage wa Clive

Shekara talatin da ɗaya Lynne Stathers ta yi tana zuba wa yara abinci a wata makarantar firamare a garin Hull na Ingila, kuma babu abokiyar aikin da ta tambaye ta sau biyu inda za ta je hutu. Amsar ba ta canzawa. Makon ƙarshe na Yuli da na farkon Agusta tana filin masu hutu na Medforth, a kan gaɓar teku, cikin ɗakinta mai taya. Sauran matan su tafi Sifen su dawo jajaye kamar an yi musu wanka da tafasasshen ruwa, ita kuwa ta dawo da mura. Mijinta Dennis ya yi magiya har ya gaji, ya koma bin ta yana ƙunƙuni, a haka ya rasu bai ga Sifen ba.

Tun tana goye ake kai ta filin nan. Babanta Alf ma'aikacin jirgin kamun kifi ne, kuma abin da ya mallaka a duniya bayan kayan jikinsa shi ne wani koren ɗaki mai taya a layin gaba, dab da gaɓa. Tebur ɗaya ne a ciki, a ci abinci a kansa, a naɗe shi ya zama gado. Ruwa sai an je famfo can ƙarshen fili. In sama ta ɓalle, kuma kusan kullum sai ta ɓalle, su huɗu su dunƙule suna karta, rufin kwano yana ta amo har ba a jin juna, Mama Ivy tana ha'inci a fili ba wanda ya isa ya tanka. Yayanta Clive ya yi tsawon da gadon ya ƙi ɗaukarsa, sai aka kafa masa tanti a gefe. Kowace safiya Lynne ke kai masa shayi, raɓa na jiƙa mata ƙafa. Shi ya koya mata kwanciya rub da ciki a bakin gaɓa, su leƙa ƙasa su ga tsofaffin bututun ruwa sun fito daga jikin laka, na gidajen da teku ya riga ya cinye. A gaɓar nan taku biyu ko uku yake ci duk shekara, mun saba.

Shekarar da Clive ya cika sha bakwai aka ɗaure jiragen kifi, Alf ya rasa aiki. Hutun shekarar ya zo da zafin rai. Ana cin soyayyen kifi da dankali Clive ya ce shi dai ba zai zauna ya ruɓe yana kallon teku kamar wasu ba. Alf ya miƙa hannu ta kan tebur ya wanke shi da mari. Da safe Lynne ta kai shayi ta tarar da tanti wayam, bargo a ninke tsaf. Ninkin nan ne ya fi tsorata ta, don Clive bai taɓa ninke ko hankici ba.

Bayan wata guda kati ya zo daga Rotterdam ta ƙasar Holan: "Lafiya nake. Sai na zo." Bazara na zagayowa hukuma ta rushe layin gidajensu na Hull kaf, aka watsa maƙwabta, su aka kai su hawa na goma na wani bene a wata unguwa.

"To in ya zo, ina zai same mu?" in ji Mama. "Gida babu. Amma ɗakin nan ya san shi, lokacin ma ya sani."

Shi ke nan, magana ta zauna. Duk shekara su je, Mama ta ɗauki kujera ta fuskanci ƙofar fili. Duk kaka a ja ɗakuna baya don teku ya matso. Koren ɗakin ya ruɓe aka sayi fari, farin ma aka sake shi. Alf ya rasu bai ƙara ambaton sunan ɗansa ba. Da Mama ta zo tafiya, abu ɗaya ta ce wa Lynne: kada a bar wurin babu kowa. Kuma a duk shekarun nan ba su gaya wa kowa a filin abin da suke jira ba. Mu mutanen nan haka muke, ba ma faɗa, ba ma tambaya, mu ce wai ladabi ne. Ni dai ban ga abin da ladabin ya tsinana mana ba.

Bana takarda ta zo cewa za a rufe filin. An ja baya har tayoyi sun taɓa shingen titi, babu sauran wurin ja. Lynne ta je ta cika mako biyunta ita kaɗai. Tsoro take ji sosai, don daga ranar Asabar da za a rufe babu wani wuri a doron ƙasa da Clive zai ƙwanƙwasa ya same ta.

Asabar da hantsi Gordon ya iso da tarakta. Shi ke jan ɗakunan filin shekara talatin, gajere ne mai yawan surutu.

"Kowa ya tafi sai ke, uwar taurin kai. Ko in haɗa da ke in ja?"

"Kai da ko taya ba ka iya dubawa? Sauko ka sha shayi, tsoho, kafin ka faɗo."

Ya zauna a bakin ƙofa da kofi a hannu. Can ya ce, "Yau dai tunda an gama, bari in tambaya. Me kika gani a wurin nan? Sanyi, laka, ga bayi a nesa. Dennis ma sai da kika kashe shi da shi."

Ta yi dariya kaɗan, sai kuma ta ji ba ta da dalilin ɓoyewa. Ta ba shi labarin tas, tun daga marin har katin. Tana magana surutun Gordon yana janyewa, har ya ajiye kofin a ƙasa.

"Lynne, me ya hana ku faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Abin gida ne."

Ya shafa fuska. "Mutane kan zo neman inda suka yi yarinta, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kada ki ɗauka na ce shi ne. Amma akwai wani da ya tsaya mini a rai. Shi kaɗai ya zo, da ƙafa, furfura ta fara masa. Ya daɗe a bakin gaɓa. Ya tambaye ni ina layin gaba na da, inda koren ɗaki yake. Ni ban taɓa sanin kun yi kore ba. Na ce masa, ai malam wannan layin ya daɗe a ruwa, da shi da duk abin da ke kansa. Abin da nake gaya wa kowa ke nan. Ya yi godiya ya juya."

"Dogo ne?"

"Dogo. To amma ni kowa dogo ne a wurina."

"Wane wata?"

Gordon ya juya ya kalli ƙofar fili.

"Kuna nan," ya ce. "Na tuna, don daga wurinsa na wuce na kawo wa mahaifiyarki tukunyar gas. Tana zaune a kujerarta. Ina jin ta gabanta ya bi ya fita."

Lynne ba ta yi kuka ba. Ta tuna shekarun ƙarshe na Mama, yadda idanunta suka dushe har ba ta gane mutum sai ya yi magana, ta tuna ita kanta tana ciki kullum tana wanke-wanke, bayanta ga taga. Ta miƙe ta ɗauki rigar sanyinta.

"Zo ka nuna mini inda ya tsaya."

Suka taka har igiyar da aka gitta a bakin gaɓa. Gordon ya duba hagu, ya duba dama, yana lissafi da turakun shinge. Sannan ya ɗaga hannu a hankali ya nuna can gaba, wajen taku talatin bayan igiyar, inda babu ƙasa sai iska.