Kebul Mai Jan Zare

Idan ka shiga layin shaguna ka tambayi inda ake buga takarda, ba mai ɓata maka lokaci da dogon kwatance. Za a nuna maka ƙofa mai koren labule, a ce ka tambayi Yatsa Goma. Tun tana budurwa ta samu sunan, lokacin da ta koyi tafireta a wani ofis mai fanka ɗaya da ma'aikata tara. Sauran suna tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaza a kan tsaba, ita kuwa sai ta zuba yatsunta duka, idonta na kan taga, bakinta na hira. Yau shekara talatin ke nan. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, sunan yana nan bai tsufa ba.

Da aka daina yayin tafireta, abokan aikinta suka zauna suna zagin zamani. Ita ta ce zamani riga ne, wanda ya ƙi sawa shi zai ji sanyi. Ta samo kwamfuta ta hannu da firinta mai tari kafin ta fara aiki, ta kama wannan shago. Tebur ɗaya ne a ciki, sai bencin masu jira, sai kujerarta da aka tokare wa ƙafa da kwali. Tsohuwar tafireta tana saman kabad a lulluɓe, ana share mata ƙura duk mako kamar kakar gida.

Yanzu rabin aikinta daga waya yake fitowa. Mutum zai shigo da takarda ko hoto a wayarsa, ta haɗa da kwamfuta, ta kwafe, ta buga. Shi ya sa ta kafa ƙusoshi a bango ta rataye kebul-kebul, kuma duk wanda ya zauna a bencin nan sai ya sha karatu.

"A ido duk ɗaya suke," in ji ta, "amma halinsu ya bambanta. Wani wuta kawai yake kaiwa, kamar maƙwabcin da zai miƙo maka kwano ta katanga bai ce maka uffan ba. Wani kuwa ɗan gulma ne, ya kwashe abin da ke cikin waya tas ya kai wa kwamfuta. To ni ɗan gulmar nake so."

Duk kebul ɗin da ya shigo shagon sai ta gwada shi. Wanda ya kai saƙo, ta ɗaura masa jan zare a wuya. Ba ta taɓa karya wannan doka ba, kuma dokar ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Ƙofa uku daga nata akwai shagon Auta, ƙanen mijinta, tela ne. Ita ta yi masa wankan makaranta lokacin da aka kawo ta gidan, saboda haka ko da ya yi gemu ya tara iyali, a wurinta bai wuce Auta ba. Wata safiya ta ga ya ɗaga labule ya shigo ba tare da tsokanar da ya saba ba, tef a wuya, waya a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Matar Yaya, na shiga uku."

"Ka shiga shagona dai. Zauna. Wa ka ɗinka wa wando ƙafa ɗaya?"

Bai yi dariya ba. Wata makaranta ce ta ba shi ɗinkin yunifom na yara arba'in da biyu. Ya je ya auna su ɗaya bayan ɗaya kafin a yi hutu, yanzu yara sun watse garuruwa, saura kwana tara a koma. Jiya ruwa ya yoyo ta rufin shagonsa, daidai kan littafin awo, tawada ta narke. Abin da ya rage kawai hotunan shafukan da ya ɗauka a waya, don ta daɗe tana yi masa mita a kan haka. To da safen nan wayar ta zame daga aljihu ta faɗa ƙarƙashin keken ɗinki, shi kuma ƙafarsa na kan feda.

Ta karɓa ta duba. Gilashin ya tsage daga sama, wani baƙin tabo ya cinye fiye da rabi, yana gangarowa a hankali kamar man da ya zube a zane. Saman ba ya jin taɓi. Ƙasan ne kawai da sauran rai.

"In awon nan ya tafi, aikin ya tafi," in ji shi. "Kuma ba makarantar da za ta sake kallona."

"Ba inda zai je. Gilashi ne ya mutu, cikinta lafiya lau. Sa yatsanka ka buɗe ta."

Ta miƙa hannu ta zaro kebul mai jan zare wanda bakinsa ya dace da irin wayar, ta soka ɗaya bakin a kwamfuta. Waya ta yi ɗan motsi, ta fara shan wuta. Kwamfuta kuwa ko gezau. Ta zare ta canza rami, shiru. Ta hura bakin wayar, ta mayar, shiru.

"Ko kwamfutar ce ta tsufa?" Auta ya faɗa a hankali.

"Kwamfutar nan ta fi ka hankali."

Da wata ce, da tuni ta fara zargin wayar. Yatsa Goma ta san abin da ta gwada da hannunta. Ta ɗaga kebul ɗin zuwa hasken ƙofa, ta juya shi, ta tsura wa zaren ido. Can sai ta sauke tabarau kan hanci ta dubi ƙanen mijinta.

"Auta, tun da kake ka taɓa ganin na yi ƙulli mai kyau?"

"Wane irin ƙulli kuma?"

"Ni ƙullina kamar na ɗaurin akuya yake, jela biyu a waje. Wannan kuwa an naɗe shi sau uku, an ɓoye bakin zaren a ciki, an datse da almakashi. Mutum ɗaya na sani a layin nan mai wannan hannu. Makon jiya wa ya ari kebul a nan?"

Auta ya sosa ƙeya, ya dubi tafireta kamar za ta cece shi. "Naki ya fi tsawo ne, Matar Yaya. Yana kaiwa daga soket har kan keke. Sai na sayo wani a bakin titi na ɗaura masa zare. Na ce ai kebul kebul ne."

"Ka ce. To ga shi ka ɗinka wa kanka riga ba wuya. Tashi ka ɗauko min nawa, kafin baƙin nan ya sauko."

Ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa. Ita ta kwantar da wayar a tebur, ba ta ƙara taɓa ta ba, don ta san kowane matsi ƙara wa tabon gudu yake yi. Kafin ya dawo yana haki, sauran hasken bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Ta karɓi kebul ɗinta, ta ga ƙullinta mai jela biyu, ta soka. Kwamfuta ta yi ƙara. A ƙasan gilashin wani rubutu ya fito, baƙi ya rufe shi, gindin kalmomi biyu kawai ake gani, ɗaya hagu ɗaya dama.

"Tambaya take ko ka yarda a shiga cikinta," in ji ta.

"Wanne za a danna? Ba a ganin komai."

"Kai ne ba ka gani. Ni na danna shi ya fi sau dubu."

Ta sa ɗan ƙaramin yatsanta ta taɓa na dama. Taga ta buɗe a kwamfuta. Ta shiga wurin hotuna, ta wuce na riguna da na 'ya'yansa, ta tattaro shafukan awo ta ja su gefe. Suna tsaka da wucewa sauran hasken wayar ya ɗauke ɗif. Auta ya dafe kai.

"Sauke hannunka. Ta riga ta yarda, ba ruwan kebul da gilashi."

Firinta ta yi tarinta ta fara fitar da takardu. Ya tsaya yana lasar yatsa yana ƙirga sunaye, kafaɗa da ƙugu da tsawon wando duk ga su da rubutun hannunsa. Da ya kai arba'in da biyu sai ya zauna a benci, ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya bar mu da ke, Matar Yaya."

"Amin. Kawo almakashinka."

Ta datse jan zaren da ke wuyan kebul ɗin bakin titi, ta miƙa masa. "Baƙin zare za ka ɗaura masa, da wannan kyakkyawan ƙullin naka, don kowa ya san kurma ne. In ka gama yunifom kuma, labulena yana jiran kalmasa tun bara."

Ta rataye nata a ƙusarsa, ta gyara kwalin da ke ƙarƙashin kujera, ta dubi benci. "Wa ke biye?"