Abla Insaf da Burodin Rana

Ranar da na fara tsayawa a layin karɓar tallafi, wata biyar bayan rasuwar mijina Abu Sabir, igiyar takalmina ta tsinke. Na ja mayafi har hanci, na danne takalmin da ƙafa don kada a gani. Sai wata mata mai jiki ta fito daga ofishin ƙungiyar ƙauyenmu tana ɗan ɗingishi. Ta iso kaina ta tsaya. Ta zare silifas ɗinta ta turo mini da yatsan ƙafa, ta juya tana yi wa mai gadi faɗa a kan shara, har idanun mutane suka koma can. Haka ta shige ofis ƙafa a ƙasa. Abla Insaf ke nan, wato Yaya Insaf a bakin mutanenmu.

'Yar mai kwalekwalen fito ce. Tana da shekara tara kogi ya ci ubanta, uwarta ta rene su da kwalin abincin sadaka. Ta taɓa gaya mini cewa har yau in ta ji ƙanshin man girki na kwali, takan bar wurin. Ta yi karatu a birnin Suhaj, ta dawo ta kama aikin ƙungiya, ta yi shekara ashirin da shida a ɗaki ɗaya mai fanka mai kuka.

Kafin zuwanta an taɓa raba wa zawarawa keken ɗinki, ba a tambayi kowa ko ta iya ba. Har gobe akwai gidajen da ake ɗora tiren shayi a kan keken. Ita Abla ba ta tambayar mace abin da ta rasa. In ta shiga gida ba ta zama a ɗakin baƙi, sai ta wuce kai tsaye bayan gida ta duba abin da hannun matar gidan ya saba. A haka ta gano agwagin Bahiyya, da cukun matar Girgis mai aski.

Ni sai da na shekara huɗu a layi, kullum fuska a rufe, kafin ta zo gidana. Ta tarar na jera kullu a kan faifan laka a rana, na barbaɗa dusa, yana tashi. Ta zauna a kan dutsen niƙa ta jira har na fitar daga tanderu. Ta gutsura da zafinsa, ta rufe ido.

"Umm Sabir, ke da wannan hannun kike zuwa kina tsare mini ƙofa duk wata? Allah ya isa tsakanina da ke."

Na yi dariya, na ce ai kowace mace ta iya burodin rana.

"Kowace mace tana yi. Nawa in kin jefi kare da shi sai an kai shi asibiti. Ki sayar."

A wurinmu burodi ba abin sayarwa ba ne. Ana aika wa maƙwabta, ana kai wa gidan rasuwa, ana miƙa wa baƙo. Macen da ta karɓi kuɗi a kan burodinta, kamar ta sanar wa duniya ne cewa mazan gidan sun mutu duka. Ga kuma katin tallafi: duk mun san in aka ji kana samu, za a karɓe. Mata nawa ne suke ɓoye kajinsu a gidan maƙwabta ranar da ma'aikata za su zo? Na ce mata ina da 'ya'ya uku da sunan ubansu, ba zan zubar da sunan don in ciyar da 'ya'yan ba.

Ba ta matsa ba. Ta cinye rabin burodin ta tafi. Bayan sati ta dawo, kuma ban san wanda ya kai labari ba, sai ga Hajji Shahhat, yayan mijina, ya shigo da sandarsa.

"Ke Insaf, me muka yi miki? Matar ƙanina za ki zaunar a kasuwa?"

"Zauna, Hajji, rawaninka zai faɗi. Shekara huɗu tana tsaye a rana a ƙofar ofishina, ban ga ka zo da sanda ba."

"Wannan haƙƙinta ne na gwamnati da masu alheri!"

"To. Wa aka hana a sayar wa burodi?"

"Kowa ya sani. Ba a sayar wa maƙwabci."

"Alƙahira maƙwabciyarka ce?"

Ta ce 'ya'yanmu dubbai suna can suna aikin gini suna cin burodin kanti kamar auduga, suna mafarkin na gida. Direbobin tasha za su ɗauka. A ƙauye kuwa ko ƙwaya ɗaya ba za a sayar ba, na farkon fita daga tanderu na maƙwabta ne kamar kullum. Tana magana tana tura masa burodin da zuma. Ya ci ɗaya da rabi, ya share gemu, ya ce shi dai bai ji ba bai gani ba. Yana fita ya juyo ya ce, "In an tashi aikawa, ɗana Atif yana unguwar Imbaba, can Alƙahira."

Ƙungiya ta kawo buhun fulawa biyu, aka gyara mini bakin tanderu. Abla ta yi mini alkawari ba wanda zai taɓa katina sai na kawo da hannuna, ta kuma cika, ko da yake na ji an yi mata tsawa a kan haka. Da farko na sha wuya. Wani kwando ya yi tsami a hanya saboda na ɗaure shi da zafinsa. Ta ce in bar kuka in shimfiɗa su su huce. Daga baya sai da na kira mata biyu daga layin nan muke kwaɓawa tare bayan sallar asuba. A Alƙahira har suna gane nawa da kaho huɗu da nake tsagawa a gefe.

Shekara biyu ana haka. Ranar wata Laraba, bayan na aurar da babbar 'yata da abin hannuna, na yi alwala, na sa takalmi sabo, na naɗe katin a hankici tare da tsoffin silifas ɗinta. Na wuce layi na shiga ta ƙofar gaba. Ta kalli katin, ta kalli silifas.

"Shekara shida! Ɓarauniya. Na ɗauka kin kai su Alƙahira su ma."

Tana dariya, amma sai da ta goge ido da bakin mayafi. Aka rubuta sunan wata a gurbina. Ban tambayi ko wace ce ba. Na yi wa Allah godiya a zuci.

Bara ta ajiye aiki, gwiwarta ta ƙi. Na kai mata burodi da miyar lalo, na tarar da ita ta miƙe ƙafa a kan tabarma. Na ce ta faɗi abin da zan yi mata, ko mene ne.

"Ko mene ne, Umm Sabir?"

"Ko mene ne, Abla."

"To ranar rabo ki koma ofis. Ki ɗebi tsamin kullunki a kwano, ki zauna a bakin layi inda kowa zai gan ki. Kada ki yi wa kowa wa'azi. In kin ga wadda ta ja mayafi har hanci, ki matsa kusa da ita, ki gaya mata sunanki da shekarun da kika yi a wurin, sannan ki tambaye ta abin da take yi a bayan gida."