Ranar da Na Kai Inna Ƙauyensu

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu da 'yan watanni, mahaifiyata ta daina cin abinci. Loma biyu za ta yi ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ta fita takaba, amma kamar ba ta fita ba. Sau uku muna zuwa asibiti, likita yana cewa bai ga wata cuta ba. Tana nan kan tabarma a ƙofar ɗaki da carbinta, tana ramewa muna kallo.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tsakanina da ita daga gaisuwa sai gaisuwa. Wata ranar Laraba na taso daga aiki a nan Karaye, na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce, idonta a ƙasa, "Kai, in ka samu sarari ka kai ni garinmu."

Garin nasu wani ɗan ƙauye ne a bayan Ruwan Bago, ta ƙasar Rogo. Rabonta da shi ya haura shekara talatin, tun da iyayenta suka rasu, 'yan'uwa suka watse.

Na ce, "Inna, wa ya rage a can?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba."

Ran Asabar na ari motar abokina. Na caɓa ado da farar shadda da takalmi sau ciki, wai ni za a kai tsohuwa ƙauye a ga ɗanta ma'aikaci. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuyar da kai, ko'ina ana cirar gyaɗa. Muna wuce Ruwan Bago kaɗan hanya ta ƙare a bakin wani rafi da bai gama ƙafewa ba. Na ce mu juya, don gani nake ko taku ashirin ba za ta iya ba. Kafin in rufe baki ta buɗe ƙofa, ta cire silifas ta riƙe a hannu, ta tattare zani ta shiga ruwa. Na biyo ta da gudu ina "Inna a hankali, akwai santsi!" Ai kuwa akwai. Ni ne na yi zaman daɓaro a cikin taɓo.

Ta juyo ta dube ni, ta dubi shaddar, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba yana da rai.

Daga nan bakinta ya buɗe. Tana tafe a gaba tana nuna mini itatuwa: wannan ɗinya ce, waccan kanya, a gindin wancan marken suke hutawa in sun ɗebo ruwa. Ta tsinki wani ganye ta murza ta miƙo mini in shinshina. Ni da digirina, in ka cire mangwaro da darbejiya ban san sunan komai ba.

Muka isa inda ta ce gidansu yake. Babu gida. Babu ko guntun katanga, gonar gyaɗa ce shimfiɗe. Ta tsaya a tsakiyar gonar tana dube-dube. Na ce a raina, shi ke nan, na kawo ta inda za ta ƙarasa karyewa.

Can gefe wasu mata suna zaune a inuwar ɗorawa suna tsinkar gyaɗa. Wata tsohuwa a cikinsu ta kare ido da hannu ta yi ta kallonmu, sannan ta miƙe da ƙyar ta ƙwala wa mahaifiyata kira da wani suna na ƙuruciya wanda ban taɓa ji ba. Inna ta saki silifas ɗinta. Suka rungume juna suna kuka, suna gaisawa, suna komawa kukan.

Ƙawarta ce ta tasowa. Da aka natsa ta dube ni ta ce, "Wannan ne na farin? Yaro, ka ga uwarka nan? Duk garin nan babu namijin da ya kai ta hawan ɗorawa. Daga kan wannan da muke zaune a gindinta ta faɗo ta karya hannu, ta ce wa malam babanta jaki ne ya harbe ta."

Inna ta rufe fuska da mayafi. "Ke dai ba ki da kirki. A gaban yaro?"

Aka dafa ɗanyar gyaɗa a nan bakin gona, aka kawo fura. Ina satar kallonta, tana ɓarewa tana ci tana hira, har ɓawo ya taru a gabanta. Da rana ta yi sanyi na ce mu kama hanya. Ta ce, "Kai dai koma. Ka zo ran Juma'a."

Ran Juma'ar ma a gona na same ta, sai da na jira ta gama cire gyaɗar kunyarta. Ta yi baƙi, hannunta ya yi kaushi, amma kumatunta sun ciko. A mota ta ce, "Babanku ya sha cewa zai kawo ni. Ni ce kullum nake cewa a bari sai baɗi."

Ta ƙara shekara bakwai a duniya, kuma kowace kaka sai na kai ta. Abin da har yau yake taɓa ni shi ne, na kusa shekara arba'in ina gaishe ta safe da yamma, ina sayo magani, ina ganin na gama biyayya, amma ban taɓa tunanin ta yi wata rayuwa kafin ta zama Inna ba. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce ta nuna mini ita.

Bara ƙawar tata ma ta rasu, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Da na je ta'aziyya, jikokinta suka shimfiɗa mini tabarma suka ce in ba su labarin kakarsu tana yarinya, wai yanzu ni na fi kowa sani, tunda na sha jin hirarta da Inna. Na zauna na yi ta ba su, har aka kira la'asar.