Lomar Auta

A zamanin shugaban ƙasa na farko, muna haya a Biriketeri, tari ya zama ɗan gida a unguwar nan. Ɗaki manne da ɗaki, bango na tsattsafo duk damina, hayaƙin murhu ba ya samun hanyar fita. Kowane gida da mai tarinsa. Wani tsoho, wani jariri, wani kuwa ƙato da ƙarfinsa.

Namu mai tarin maigidana ne. Mahauci ne, daga mayankar Etudi yake ɗauko nama. Mutum mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Yana da wata al'ada: in ya ci tuwo sai ya rage loma a gefen kwano, ya ɗora mata tsoka, ya kira ƙaramar 'yarmu.

"Auta, zo ki kwashe albarka."

Lokacin ko wayo ba ta gama yi ba. Ba ta taɓa nata tuwon sai ta ci nasa.

Tari ya zo, muka ce mura ce. Muka dafa citta, muka dafa kanumfari. Ranar da na ga jini a hannun rigarsa muka hau tudu zuwa asibitin masu ciwon ƙirji. Gadaje sun cika, mutane kwance har baranda, kowa da gwangwanin tofa majina a gefensa. Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya yi ta Faransanci, wani nas ɗan Arewa ya juya mini da Hausarsa ta kasuwa.

"Mama, tarin fuka ne. Gado babu. Allura kullum, ku riƙa zuwa. Kwanonsa daban, kofinsa daban. Yara su yi nesa da shi. Ragowarsa a zubar."

Na ce, "A zubar da abinci, ɗan nan?"

Ya ce, "Abinci ko yarinya, Mama. Ki zaɓa."

Haka muka shiga. Kullum safiya ina riƙe da shi muna hawan tudun nan, mu bi layi, a soka masa allura, mu gangaro. Allurar ta taɓa masa kunne, jiri ya riƙa ɗibarsa. Masu sayen nama suka watse, wa zai sayi nama wurin mai tari?

Auta kuwa ba ta gane ba. Na lallashe ta, na ɓoye kwanon, na hana ta ɗakin. Da na juya baya tana bakin ƙofarsa.

Wata rana na dawo daga famfo da bokiti a ka, na tarar ta shige, ta durƙusa gabansa, hannunta ya kusa kwanon. Sai na ji wata murya da ban sani ba.

"Fita! Fita, makwaɗaiciya! Kada in sake ganin ƙafarki a nan!"

Yarinya ta fito a guje, har ta jiƙa zanenta. Shi kuwa tsawar ta yaga masa ƙirji, ya yi ta tari har ya kife. Na ɗago shi. Da numfashi ya dawo ya riƙe hannuna.

"Kada ki lallashe ta. In ta daina tsorona, za ta dawo."

Ban lallashe ta ba.

Daga ranar, in ta gifta sai ya haɗe fuska. In ta wuce ya tambaye ni a hankali, "Ta ci?" Hannunsa kuwa bai daina ba. Kullum in na je ɗaukar kwano, ga loma a gefe. In kai ta bayan gida in binne.

Bai kai wata daminar ba. Gidan hayarmu kaɗai, gawa ta fita ba sau ɗaya ba a shekarar, har da jaririn maƙwabciyata. Auta aka kai ta aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ce fes yake.

Yau ita ma tana da jikoki. Na faɗa mata dalili, na sake faɗa mata. Takan ce, "Na gane, Inna." Amma in 'ya'yanta suka tambaye ta yaya kakansu yake, sai ta ce, "Mafaɗaci ne."