Sun Zo Gaisuwa da Takardu a Jaka

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Abdulfattah Mainasara, a gidansa da ke Birnin Gwari, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ni ce ƙanwarsa Kadijatu. Na so a ce hawaye ne kaɗai a cikin wannan rubutu, Yaya, amma abin da na gani a zaman makokinka ya cika ni da ƙyama, kuma na kasa haɗiye ta.

Ka yi aiki da ƙungiyoyin manoma har ka yi ritaya, zaurenka bai huta ba. Duk wanda ya sayar da amfanin gona yana neman inda zai ajiye guminsa, wurinka yake zuwa, ka ba shi shayi da shawara, ba ka karɓar ko goro. Na tuna ranar da Alice, mai noman masara a Tabanni, ta ji ana maganar sukuk a rediyo, ta zo tambaya ko na Musulmi ne kaɗai. Ka yi dariya, ka ce na kowa ne, sannan ka kawo mata misali da injin niƙa. In ta ranta wa mai injin kuɗi yana biyan ta ƙari duk wata, ko injin ya yi aiki ko ya mutu, wannan ita ce takardar lamuni, ƙarin kuma ruwa ne. In kuwa ta sayi rabo a cikin injin kansa, tana karɓar nata kason na haya, ranar da ya lalace ita ma ya shafe ta, wannan shi ne sukuk. Alice ta tafi tana maimaita misalin, har matan cocinsu suka haddace shi.

Bara bayan girbi wasu mutane suka buɗe ofis a gari, da fararen kaya da ƙamshin turare. Takardarsu da Bismillah ta fara, sun kira ta sukuk, sun yi alkawarin riba tsayayya kowane wata, babu faɗuwa. Ka tambaye su ina kadarar. Suka ce wata makekiyar gona ce a cikin daji, can bayan Damari. Ka ce su kai ka, suka ce hanya ba lafiya. Wato sun rasa inda za su ajiye gonarsu sai wurin da suka san mai son ransa ba zai je dubawa ba. Dajin da ya cinye mana mutane, shi suka mayar jari. Tir da wannan hali!

A ƙofar masallaci ka ce musu: "Ribar da ba ta san fari ba, ba ta san ƙwari ba, ba ta san 'yan bindiga ba, sunanta ruwa, ko da wace aya aka buɗe takardar." Daga nan aka fara ce maka ɗan boko mai hassada. Wasu da suka sha shayinka suka daina gaishe ka, kai kuwa ba ka daina gaishe su ba.

To, Yaya, sun zo gaisuwarka. An ce a waje su ne suka fi kowa tsawaita addu'a. Matar da ke musu talla ta shigo cikin gida, ta zauna kusa da matarka Lailatu, ta riƙe hannunta, ta matso hawaye, sannan ta zuge jaka, ta ciro takardarsu ta miƙa mata. A gabana ta ce wai ka gane gaskiya kafin ka cika, wai har ka yi niyyar saye. Ta tambayi yaushe za a raba gado, ta ce tumunin takaba bai kamata ya zauna haka nan ba. Mace tana cikin takaba, ga marayu ƙanana a jikinta, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba.

Bayan ta fita Lailatu ta dube ni ta ce, "Anti, anya ba gaskiya ba ne? Ta yi rantsuwa fa." Wannan ne ya fi ci mini rai, don har yau takardar tana ɗakinta, kuma matan Tabanni ma sun fara aiko tambaya ko da gaske ka sauya ra'ayi. Ni na yi jinyarka har numfashinka na ƙarshe. Ina shaida a gaban Allah, ba ka faɗi haka ba, ba ka kuma sauya ra'ayi ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Lailatu da yaranka, da dangi, da dukan manoman da suka rasa zaurenka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya tsare wa marayu haƙƙinsu. Wanda duk ya ƙaunaci Malam Abdulfattah, ya yi masa addu'a, kada ya sayi komai da sunansa.